Idan Layin Ko-ta-kwana Ya Ƙi Tashi: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Rautar Sim da Aka Mayar Gada

Wata Litinin da hantsi aka kira ni daga wani ofishi da na haɗa wa intanet wata huɗu kafin nan. Katafilar masu aikin titi ta tsinke wayar faiba da ke shiga unguwar, abin da ya zama ruwan dare a garuruwanmu. Don gudun irin wannan rana muka sayi ƙaramar rauta mai ɗaukar sim, na jona ta da babbar rautar ofishin, a kan in babban layi ya mutu ita ta karɓi aiki ba tare da kowa ya tashi daga kujerarsa ba. Akawunsu ne ya kira. Ya ce, "Injiniya, akwatin nan da ka sa mana fitilunsa duk kore shar, amma ko saƙo ɗaya ya ƙi fita."

Da na isa na tarar sim ɗin lafiyarsa lau, akwai data, sabis a cike. Laifin nawa ne. Ranar da na haɗa kayan, gwajin da na yi shi ne na zare kebul daga bayan babbar rauta, na ga ta koma kan sim nan da nan, na mayar da kebul, na karɓi kuɗina na kama gabana. To ita katafila ba kebul ɗin cikin ofis ta zare ba. Akwatin faiba yana nan a kunne, duk lokacin da babbar rauta ta neme shi sai ya amsa. A wurinta babban layi yana nan daram, me zai kai ta wajen sim?

Yawancin ciwon kan wannan haɗi daga nan yake tasowa: akwatin da ke kusa da kai yana amsawa alhali abin da ke bayansa ya mutu. In kuma aka mayar da rautar sim gada, wuraren da za a ruɗe ka sun ƙaru.

Abin da gadar take yi

Yadda ake sayar da ita, rautar sim dillaliya ce. Kamfanin waya ya ba ta adireshin IP guda ɗaya, ta riƙe abinta, ta raba wa na'urorin gida adireshin cikin gida irin masu farawa da 192.168, duk mai son fita waje ita ke fita da sunanta a madadinsa. Wannan dillanci shi ake kira NAT. In ka sa wata rauta a bayanta, dillalai sun zama biyu, kuma akwai ayyukan da ba sa jure haka: wasu hanyoyin VPN na ofisoshi, wayoyin tebur masu bin intanet, da duk abin da ake so a shigo masa daga waje. Yanayin gada shi ne a tuɓe ta daga dillanci a mayar da ita 'yar aike, adireshin da kamfani ya ba ta ta miƙa wa babbar rauta yadda yake. A shafin saiti za ka ga an rubuta "Bridge mode" ko "IP Passthrough".

Sai dai sunan ya fi aikin girma. Layin salula ba kamar kebul ɗin ofis ba ne da za a haɗa baki da baki a ce an yi gada. Har yanzu modem ɗin da ke cikin rautar sim ne ke magana da turken sabis, shi ke riƙe da layin, sannan ya yi dabara: ya buɗe ɗan ƙaramin DHCP mai rabon adireshi ɗaya tak, ya ara wa na'ura ɗaya, ya ƙirƙiro wata ƙofar fita ta jeka-na-yi-ka ya tsaya a bakinta yana amsawa. Kowane maƙeri da irin tasa dabarar. Na'urorin Teltonika suna da kala biyu, kuma bambancinsu shi ne a "Passthrough" rautar tana iya shiga intanet don buƙatar kanta, a "Bridge" kuwa ba ta iyawa. MikroTik tana sa zaɓin a cikin bayanan APN, wato sunan hanyar da sim ke bi ya shiga intanet ɗin kamfanin waya. Rautoci da yawa da kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu ba za ka ga zaɓin ba kwata-kwata.

Rautar da ta zama gada ta ajiye sarauta. Na sha ganin an jona faiba a ramin WAN na rautar sim, an kunna sauyin layi a cikinta, an kuma kunna gada, sannan ana mamakin abin da ya hana ta sauyawa. A yawancin na'urori abubuwan biyu ba sa tafiya tare, domin mai zaɓen hanya dole ya kasance shi ke raba hanya. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Faiba ta shiga WAN na farko na babbar rauta, rautar sim ta shiga na biyu, hukuncin sauyi kuma ya zauna a babbar rauta ita kaɗai.

Kafin ka ɓata yini, duba adireshin da sim ɗin ya samo. In ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, to kamfanin wayar da kansa yana yin dillanci a samanka. Shi ne CGNAT. Adireshin IPv4 gaba ɗaya bai wuce biliyan 4.3 ba, ya yi wa duniya kaɗan, shi ya sa tun 2012 aka keɓe wa kamfanoni wancan rukuni na 100.64 su riƙa cusa kwastomomi da yawa a bayan adireshin waje guda. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna hamsin da lamba ɗaya a bakin get: kai za ka iya fita, amma baƙon da ya zo da lambar nan bai san ƙofarka ba. Gada ba ta warkar da wannan. Wanda ya kunna ta don ya riƙa kallon kyamarorin shagonsa daga gida zai sha kunya, sai dai ya nemi kamfani ya ba shi adireshin waje na kansa, ko ya kafa VPN mai fita daga ciki irin WireGuard, Tailscale ko ZeroTier. A ra'ayina, ofishin da aikinsa bai wuce buɗe shafuka, aika wasiƙu da na'urar POS ba, ya bar rautar sim a dillancinta. Dillali biyu ba zai hana shi komai ba, kuma rabin matsalolin da ke ƙasa ba zai taɓa ganinsu ba.

Fara daga sim, ka manta da babbar rauta tukuna

Kuskuren masu gaggawa shi ne su afka wa saitin babbar rauta alhali sim ɗin ma a mace yake. Raba su. Mayar da rautar sim yanayinta na asali, jona laftof kai tsaye, ka ga ko shafi zai buɗe. In bai buɗe a haka ba, gada ba ta da laifi.

Layin ko-ta-kwana layi ne da ba wanda ke kallonsa, shi ya sa yake mutuwa a ɓoye. Data tana da wa'adi ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba. A Najeriya *323# zai nuna maka abin da ya rage, kuma rautoci da yawa suna da shafin buga irin waɗannan lambobi ba sai ka zare sim ba. Layin da ya yi watanni ba a sa masa ko kwabo ba kamfani na iya rufe shi. Tun Disamba 2020 da hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, layin da rajistarsa ba ta cika ba ana toshe shi, kuma saƙon gargaɗin yana shiga akwatin saƙonnin rautar ne, inda ba mai karantawa. Leƙa akwatin nan. Ka kuma tabbatar datar da aka saya ta gama-gari ce. Ɗan aiken da ya ga mai araha ya sayo ta WhatsApp ko ta tsakar dare ya bar ka da layi mai adireshi amma ba hanya.

Lambar PIN abin tsoro ce a cikin rauta. In an rubuta ba daidai ba, duk kunnawa gwaji ɗaya ne, kuma ɗauke wuta uku sun isa su kulle sim ɗin ya koma neman PUK, wadda ita kuma kuskure goma ke kashe shi har abada. Sa sim ɗin a waya ka cire PIN gaba ɗaya kafin ya shiga rauta. Sai APN. Yawanci rautar tana gano shi da kanta, amma in ta kasa ka rubuta da hannu: na MTN a Najeriya web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. Wanda ya biya kuɗin adireshin waje, APN ɗinsa daban ne, kuma in bai rubuta shi ba zai ci gaba da zama a gidan hayar nan. A wurin zaɓen nau'in adireshi ka bar IPv4 kaɗai har sai komai ya daidaita, domin gadar na'urori da yawa da shi kawai take aiki sosai.

Sandunan sabis da ke jikin akwati kwalliya ce. Lambobi biyu za ka nema a shafin bayanai. RSRP ƙarfin sigina ne: -80 zuwa -90 ya yi kyau, kusa da -100 a lallaɓa, ya gangara ƙasa da -110 kuwa layi zai riƙa yankewa. SINR tsabtarta ce: sama da 13 madalla, kusa da sifili ko ƙasa da shi hayaniya ta rinjayi magana, ko da ƙarfin ya kai. Rufin kwano da akwatin ƙarfe na ajiye na'urori manyan abokan gaba ne. Mutane kan sayi dogon kebul ɗin eriya su bar rautar a cikin akwati, alhali siginar a cikin kebul ɗin take zubewa. Ɗauke rautar dungurungum ka kai ta bakin taga ko sama, ka ja mata kebul ɗin netwok, wanda ke kai mita 100 ba tare da asara ba. Eriyoyin duka biyu ka ɗaura su, kar ka bar ɗaya a kwali.

In rautar tana kashe kanta tana kunnawa, zargi adafta kafin komai. Modem yana jan wuta sosai lokacin da yake aikawa, musamman inda sabis ke da rauni, kuma adaftar kasuwa da ba ta kai ƙarfin da aka rubuta ba za ta riƙe shi yana zaune, ta sake shi daidai lokacin da aiki ya hau kansa. Zafin Afrilu a ɗakin da ba iska ma yana yin haka.

Adireshi ya ƙi isowa

Sim ya yi aiki da laftof, ka mayar da gada, ka jona babbar rauta, sai WAN na biyu ya nuna 0.0.0.0, ko wani adireshi mai farawa da 169.254, wanda ma'anarsa na'ura ta roƙa ba a ba ta ba ta laƙaba wa kanta. Da farko tabbatar WAN ɗin yana kan DHCP. In haka ne, mafi yawan lokuta wani ne ya riga ta karɓa, kuma wannan wanin laftof ɗinka ne. Adireshin ɗaya ne, wanda ya fara miƙa hannu shi ake ba, modem kuma ya riƙe lambar MAC ɗinsa yana jiran ya dawo. Maganinsa ka kwafi lambar MAC ta ramin WAN na biyu, ta ramin kanta, domin wadda aka buga a ƙasan akwati sau da yawa ta wani ramin ce, ka rubuta a gurbin da aka tanada a saitin gada. In babu gurbin, kashe duka biyu, zare komai daga rautar sim ban da kebul ɗin babbar rauta, kashe mata Wi-Fi, kunna ta ita kaɗai ta kama sabis, sannan ka kunna babbar.

Wani lokaci adireshi ya zo amma ba a fita. Kamfanin waya adireshi tilo yake bayarwa, ba unguwa, ba maƙwabta, abin da ake rubutawa /32 ko 255.255.255.255. Wasu rautoci in suka ga ƙofar fita ba ta cikin unguwarsu sai su ƙi bin ta. Masu ƙera modem sun san da wannan, shi ya sa a MikroTik da Teltonika za ka ga zaɓi tsakanin "auto" da "p2p" a maganar faɗin unguwa. In ɗaya ya ƙi, gwada ɗayan, ka sa babbar rauta ta sake roƙon adireshi.

Akwai kuma mai aiki yau ya tsaya gobe. Duk lokacin da layin salula ya yanke ya dawo, kamfani na iya ba da sabon adireshi. Modem ya sani, babbar rauta ba ta sani ba, domin an ara mata tsohon na awa goma sha biyu ko ashirin da huɗu kuma wa'adin bai cika ba. Haka za ta yi ta aika kaya da adireshin da ya riga ya zama na wani. Alamarsa: da ka zare kebul ka mayar, komai ya dawo. Rage wa'adin aro a rautar sim zuwa minti biyu ko biyar. Ƙanin wannan ciwo shi ne hanyar da aka rubuta da hannu. A yanayin gada, adireshi in ya sauya ƙofar fita ma ta sauya, don haka duk dokar da ka kafe ta da lambar ƙofar jiya ta zama shara. Bari DHCP ya riƙa kafa hanyar da kansa, kai dai ka ba ta matsayi na biyu; a MikroTik nisan babban layi 1, na sim 2.

Duba kuma kar unguwanni su yi karo. Teltonika tana zuwa da 192.168.1.1, haka rautar Starlink, haka akwatunan faiba da dama. Huawei ta fi zuwa da 192.168.8.1, ZTE da 192.168.0.1, MikroTik da 192.168.88.1. In cikin ofis da ɗaya daga cikin layukan waje suna unguwa ɗaya, babbar rauta za ta rasa inda za ta kai saƙo. Sauya ɗaya.

Mutane da yawa suna kunna gada sai shafin saitin rautar sim ya ɓace musu, su danna maɓallin mayar da ita sabuwa, su goge aikin yini guda: gyaran gangar Auzinawa. Yawancin rautocin suna nan a adireshinsu na da. Ba wa laftof adireshi da hannu a unguwar, misali 192.168.8.20, ka jona, ka buɗe 192.168.8.1. Da yake bai roƙi DHCP ba, ba zai ƙwace adireshin babbar rauta ba. Da ka shiga, duba ko an bar wa rautar dokar nan ta kashe kai da kunnawa in ta kasa samun intanet. A gadar da ita kanta ba ta da hanyar fita, wannan doka za ta sa ta yi ta zagaye kowane 'yan mintoci, kai kuma kana zagin kamfanin waya.

Sallama a zaure

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma na faɗi a ofishin can. Babbar rauta tana sanin layi na da rai ne ta hanyar ping, wato ta yi sallama ta jira amsa. Tambayar ita ce wa take yi wa sallamar. In kebul kawai take dubawa, daidai yake da ganin ƙofar gida a buɗe a ce maigida yana nan. In ƙofar fita take yi wa sallama, yaron da ke zaune a zaure ne zai amsa, ko da maigida ya yi tafiya tun jiya. Akwatin faiba yaron zaure ne. Modem a yanayin gada ma haka, tunda ƙofar da ya ƙirƙiro shi ke amsa sallamarta, da sabis ko babu, da data ko babu. Masu shiga faiba ta PPPoE sun ɗan huta, domin in wayar ta tsinke zaman yana rushewa da kansa, amma su ma in matsalar tana can gaba a cikin kamfani ba za su gane ba.

Sai a yi sallama can cikin gida, ga wani adireshi na nesa da ba ya cika mutuwa. Kowane layi da nasa abokan sallama, kuma a tilasta wa sallamar bin layin da ake gwadawa kaɗai. In ba haka ba, da an koma kan sim sallamar babban layi za ta bi ta sim ta samu amsa, rauta ta ce ai ya dawo, ta koma, ta tarar a mace, ta sake tsallakowa. Kwan-gaba kwan-baya ke nan har a tashi aiki. A pfSense ana rubuta adireshin sa ido ga kowace ƙofa, sannan a jera su mataki na 1 da na 2. A OpenWrt mwan3 ke wannan aiki, kuma shi ne a ƙarƙashin tsarin sauyin layi na Teltonika. A MikroTik, "check-gateway" yana sallama duk daƙiƙa 10, in aka yi shiru sau biyu ya yanke hukunci, amma ƙofa kaɗai yake nema sai ka karkatar da shi zuwa adireshin nesa ko ka yi amfani da Netwatch.

Wata 'yar dabara da ta cece ni sau da yawa: adireshin da ka ɗaure wa layi ɗaya don sallama, kar ka mayar da shi DNS ɗin ofis, domin in layin ya mutu shi ma ya tafi da shi. Ni nakan ɗauki 1.0.0.1 da 8.8.4.4 don sallama, in bar 1.1.1.1 na Cloudflare da 8.8.8.8 na Google don neman sunaye. In na'urar ta yarda, ba kowane layi abokan sallama biyu daga kamfanoni daban, a ce ya mutu sai in duka sun yi shiru.

Sallama ma kuɗi ce a kan sim. Ping ɗaya na yau da kullum bayit 84 ne zuwa, 84 dawowa. In duk daƙiƙa ake yi, sau 86,400 ke nan a yini, wajen megabayit 435 a wata kafin kowa ya buɗe shafi ko ɗaya. Duk daƙiƙa biyar kuwa wajen megabayit 87 ne. Babban layi a yi masa duk daƙiƙa biyar, shiru uku ko huɗu a sauya. Sim ya isa a leƙa shi duk daƙiƙa goma ko ashirin, a kuma ba shi haƙuri wajen jiran amsa, domin layin salula yakan yi nauyi da yamma. Komawa babban layi kuwa kar a yi gaggawa. Masu gyaran faiba suna haɗawa suna rabawa kafin su gama, don haka a jira amsa ta minti ɗaya ko biyu a jere.

An sauya, amma da sauran rina a kaba

Ping zuwa 8.8.8.8 yana tafiya amma ba shafin da ke buɗewa: DNS ne. Na kamfanin faiba sau da yawa ba ya amsa wa wanda ya zo ta layin wani kamfani. Rubuta na gama-gari da hannu a babbar rauta.

Wasu shafuka suna buɗewa, wasu su tsaya rabi, WhatsApp na tafiya amma shafin banki ko VPN ya maƙale: MTU ne, wato girman ƙunshin da hanya za ta iya ɗauka. Kebul ɗin ofis yana ɗaukar bayit 1500, layin salula sau da yawa bai kai haka ba. Lokacin da rautar sim ke dillanci ita ke rage lodi ba ka sani ba, yanzu ta sakar wa babbar rauta wadda ke ɗaure kaya daidai da babbar ƙofa tana turawa ta ƙarama. A Windows, kana kan sim, rubuta ping -f -l 1472 1.1.1.1. In ya ƙi, rage goma-goma har ya wuce, sannan ka ƙara 28 a kan lambar da ta wuce. In 1400 ce, MTU ɗinka 1428. Rubuta shi a WAN na biyu, ka kunna daidaita MSS, wanda yake ƙasa da MTU da 40, wato 1388. Mai WireGuard ya tuna yana zuwa da 1420, sai ya rage nasa ma.

Lokacin sauyi adireshin ofis na waje ya canza, don haka shafin banki zai kore ka ka sake shiga, kiran bidiyo zai ɗan daskare. Wannan ba lalacewa ba ce. Abin da ya kamata ka gyara shi ne tsofaffin zama da rauta ke riƙewa a ƙwaƙwalwarta: wayar tebur da VPN sukan manne wa mataccen layi, ko bayan faiba ta dawo su zauna a kan sim suna cin data kwana da kwanaki. Akwai zaɓin share waɗannan zama duk lokacin da aka sauya, a mwan3 da pfSense duka. Kunna shi.

Sai cin data. Kwamfutocin ofis ba su san an koma sim ba, Windows zai ci gaba da sauke sabuntawa, wayoyin ma'aikata suna tura hotuna, kyamarori suna aikawa. Datar da aka saya don ta kai wata sai ta ƙare kafin la'asar, daga nan kuma in akwai kati a layin ta koma cinsa. Kafa doka a katangar tsaro: in ana kan sim, kwamfutar akawu, na'urorin POS da na masu aiki na gaske ne kawai ke fita. Wi-Fi ɗin baƙi ya jira faiba.

Ka kuma tambaya ko layukan nan biyu da gaske biyu ne. In faiba da sim na kamfani ɗaya ne, katafila guda na iya kashe su tare, domin turken sabis ma da faiba ake ciyar da shi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya, Ghana da wasu ƙasashen yammacin Afirka, har bankuna suka ji a jikinsu. Irin wannan ya fi ƙarfin ƙaramin ofis, amma sayen sim daga wani kamfani daban bai fi ƙarfinsa ba. Haka wuta: akwatin faiba, babbar rauta da rautar sim duk su zauna a kan inbata ko ƙaramin batir na bolt 12. In ɗaya ya mutu a tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta, sai ka jira shi ya kama sabis daga farko, wani lokaci ma ya tashi a jeren da bai dace ba ya ƙi miƙa adireshi.

Gwajin da ya kamata in yi tun farko

Bar kebul ɗin babbar rauta a inda yake. Kashe layin daga bayan akwati: zare wayar faiba daga akwatinta alhali yana kunne, ka rufe bakinta kar ƙura ta shiga, kuma kar ka kuskura ka leƙa cikinta, haskenta ba a ganinsa amma yana lahanta ido. Bar ping yana gudu a laftof ka ƙirga daƙiƙun da aka yi shiru. Da an koma sim, buɗe shafin banki, gwada POS, ɗaga wayar tebur, shiga VPN. Mayar da faiba ka ga an dawo, ka duba a shafin rautar sim ko data ta daina tafiya. Sannan ka juya gwajin: rubuta APN na ƙarya na ɗan lokaci ka ga ko babbar rauta za ta nuna sim ya mutu. In ta ci gaba da cewa yana raye, har yanzu yaron zaure take yi wa sallama. A ƙarshe kashe wutar komai baki ɗaya ka kunna, ka ga ko za su tashi su daidaita ba ka sa hannu ba.

Rubuta lambar sim, APN, adireshin shafin saiti da ranar ƙarewar data a takarda ka liƙa a jikin akwatin, ka damƙa wa mutum ɗaya a ofis alhakin sabunta datar. In kuna da irin wannan haɗi, kar ka jira katafila. Juma'ar nan in an tashi aiki, zare wayar faiba ka dubi agogo. In minti ɗaya ya wuce shafi bai buɗe ba, fara da duba adireshin da rautar ke yi wa sallama.